Masu Gadi Uku Na Wutar Lantarki

Jama'a, cikin dukan masu sana'ar da ke yi mana aiki a gida babu wanda mu ke saurin yarda da shi kamar mai wayarin. In magini ya ta da bango mu kan ja da baya mu duba ko ya karkace. In tela ya ɗinka riga sai mun sa, mun juya gaba da baya, kana mu biya shi. Amma mai wayarin da ya gama sai ya danna makunni, ƙwai ya kama, fanka ta juya, kowa ya ce, "Madalla, ta kawo!" A ƙirga masa kuɗinsa ya tafi.

Abin da na ke so in nuna muku cikin wannan darasi shi ne, kamawar ƙwai ba ta shaida kome game da lafiyar aikin. Waya biyu kaɗai ƙwai ya ke bukata, ko da a kan ƙusa aka rataye su zai ba da haske. Abubuwan da ke tsare gida daga gobara, su tsare mutum daga mutuwa, ba su ƙara wa ƙwai haske ko kaɗan, saboda haka su a kan fara tsallakewa in ana son rage kuɗi. Ku kuwa da ke wannan kwaleji, ba da daɗewa ba za ku kama ɗakin haya a garin da aka tura ku koyarwa. Waɗansunku za su zama shugabannin makaranta, a kawo musu takarda su sa hannu cewa ɗan kwangila ya gama wayarin ɗakin kwamfuta. Ya kamata ku san abin da za ku sa wa hannu.

Wutar lantarki ta shigo ƙasar nan ta Ikko a 1896, kuma daga Ingila muka gaji irin wayarin da mu ke yi har yau. Injiniyoyin Ingila sun buga ƙa'idodinsu na farko a 1882, suna ta gyara su, har a 2018 aka fito da bugu na 18, wanda a ke kira BS 7671. Soket ɗinmu mai rami uku shi ma nasu ne, sun fito da shi a 1947. Ƙarfin wutar gidajenmu bolt 230 ne.

Kafin mu je ga masu gadi, sai mu san ɓarawon. Ku ɗauki lantarki kamar ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa. Om kuwa shi ne ƙuncin hanyar da ruwan zai bi. In ka raba bolt da om sai ka sami amfiya, wannan lissafi kun yi shi tun a sakandare. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, kuma kaɗan ƙwarai ya isa, har sai an raba amfiya ɗaya kashi dubu kana a iya auna shi. Kashi ɗaya cikin dubun nan shi a ke kira miliamfiya.

Miliamfiya 1, mutum zai ji ɗan tsikari. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Charles Dalziel, ya yi shekaru yana gwaji da mutanen da suka yarda, don ya san inda hannu ke kasa sakin waya. Ya tarar wajen miliamfiya 16 ne ga maza, wajen 10 ga mata. Daga nan tsokar hannu ta kan damƙe da kanta, mutum yana so ya saki ba dama. Shi ya sa Bahaushe ya ce wuta ta "ja" mutum, ko da ya ke ba janyowa ta ke yi ba, riƙewa ta ke yi. In aka kai miliamfiya 50 zuwa 100 ta ƙirji, zuciya ta kan rikice, ta bar bugu ta shiga karkarwa, jini ya tsaya.

To, nawa ke ratsa mutum in ya taɓa wutar gida? Busasshiyar fata tana tarewa da yawa. Amma jiƙaƙƙen mutum mai tsayawa ba takalmi a kan siminti, daga hannunsa zuwa ƙafarsa wajen om 1,000 ne kawai. Ku raba 230 da 1,000, ya ba ku miliamfiya 230. Ku riƙe wannan adadi, za mu koma kansa. Mu da ke nan kudu, inda damina ke da tsawo, gumi kuma ba ya bushewa a jiki, mun fi kusa da jiƙaƙƙen mutumin nan bisa ga busasshen.

Mai gadi na fari shi ne fis, ko kuwa ƙanensa na zamani, watau bireka. Fis wata 'yar siririyar waya ce da aka yi ta da gangan ta zama mafi rauni cikin layin, don in wuta ta yi yawa ita ta narke kafin sauran. Bireka aikinsu ɗaya, sai dai shi faɗuwa ya ke yi a sake ta da shi. Dalilinsu shi ne, ko wace waya tana ɗumama in wuta na bin ta, kuma ko wane kauri da nauyin da zai iya ɗauka. Wayar fitilu mai kaurin milimita 1.5 ce, a kan sa mata bireka mai amfiya 6 ko 10. Ta soket 2.5 ce, da bireka mai 20 in layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Murhun lantarki da babbar na'urar sanyaya ɗaki su na 4 ko 6 su ke so, a kan layinsu na kansu.

Ga misali daga ɗakunan kwananmu. Soket ɗaya amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, watau wajen wat 3,000. A ce wani ya jona butar lantarki mai wat 2,000, wani dutsen guga mai 1,200, wani kuma ɗan murhu mai 1,500, duka a kan soket mai doguwar waya guda. Jimla wat 4,700, in ka raba da 230 ya wuce amfiya 20. Wani zai ce ai ƙarin bai kai ninki biyu ba. I, amma zafi ba haka ya ke hawa ba. In wuta ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu ya ke ninkawa. Amfiya 20 a wurin da aka yi don 13 zafinta ya kusa ninki biyu da rabi. Don maganin nauyin da ya wuce ƙima a ke sa fis cikin filogi. Amma da yawa daga cikin waɗanda a ke sayarwa a kasuwa ba su da fis ko kaɗan, waɗansu mutane kuma sun yanke filogin, sun cusa tsirarar waya cikin soket sun tokare da tsinken ashana.

Mugun halin da ya fi wannan shi ne na ƙara wa mai gadi barci. Fis ya narke, sai a naɗa masa zaren jan ƙarfe mai kauri, ko takardar azurfa ta kwalin taba. Bireka mai amfiya 6 yana faɗuwa, sai a cire shi a sa mai 32 a kan siririyar wayar nan ta fitilu. An huta da faɗuwa kam, amma yanzu wayar da ke cikin silin ita ta zama fis, ita za ta narke, a tsakanin busassun katako.

Akwai kuma zafin da fis ba ya gani sam. In aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da leda ko salatif, ko aka bar ƙusar soket ba a ɗaure tam ba, wurin nan ya kan yi zafi ko da wutar ba ta wuce ƙima ba. Alamarsa soket ya yi baƙi-baƙi a bakin rami, ko ka ji ɗumi in ka dafa shi, ko ka ji wani ƙarni kamar na kifi a ɗakin da ba a dafa kifi ba. Haka nan wayar jabu. Wata alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, alminiyam kuwa bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Wata an rubuta 2.5 a jikinta, amma roba ce ta yi kauri, cikin bai kai ba. Kada ku yi wa rogo kallon kitse: ku kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja ku mayar wa mai ita. Ku nemi mai tambarin hukumar SON, wadda aka kafa a 1971 don lura da ingancin kaya.

Yanzu ga inda na ke so ku natsu. Fis waya ya ke gadi, ba mutum ba. A ce robar wata waya cikin firji ta tsufa ta tsage, wayar ta taɓa ƙarfen jikin firjin. Firjin yana aiki yadda ya saba, ruwa na sanyi, ba wanda ya san kome. Yarinya ta fito daga wanka ba takalmi, ta kama marfin. Miliamfiya 230 ɗin nan da na ce ku riƙe ta bi ta jikinta zuwa ƙasa. Fis ɗin filogin kuwa amfiya 13 ne, watau miliamfiya 13,000. A wurinsa abin da ke kashe yarinyar bai kai abin da fanka ke ci ba, ko motsi ba zai yi ba.

Saboda wannan aka yi mai gadi na biyu, wayar ƙasa. Ita ce waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda ke tafiya zuwa dogon haƙorin filogi na sama. Gefe ɗaya an ɗaure ta a jikin ƙarfen firji, ko dutsen guga, ko injin jan ruwa. Ɗaya gefen ya bi ta ko wane soket har akwatin birekoki, daga nan ya fita zuwa wata sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Muddin kome lafiya, wayar nan zaune ta ke ba ta ɗauke da kome. Ran da wuta ta tsere zuwa jikin firji, sai ta tarar da buɗaɗɗiyar hanya ta bi, maimakon ta jira jikin mutum. Da ya ke zaman banza ta ke yi a ido, ita ce ta fari da mai son araha ke bari. Na sha kwance soket a gidajen haya in tarar ramin sama wayam, ba a taɓa ɗaura masa kome ba. In kuwa filogi mai haƙori biyu ne aka tura da murfin biro, ko akwai wayar ƙasa a bango ba ta kai ga kayan ba. Kayan da aka yarda su zauna ba wayar ƙasa su ne masu rufi biyu, kamar cajar wayar hannu, alamarsu ɗan murabba'i cikin wani murabba'i.

Amma kada in yaudare ku, wayar ƙasa ita kaɗai ba kullum ta ke isa ba. Ƙasa ma tana da nata ƙunci. A ce sandar nan da aka kafa an auna ta an sami om 50, abin da ba baƙo ba ne a tsandauri ko da rani. Ku raba 230 da 50, bai kai amfiya 5 ba. Fis mai 13 ba zai narke ba, jikin firji kuwa yana nan da wuta. Masu wayarin su kan zuba gawayi da gishiri a ramin don su rage ƙuncin, ya kan rage kuwa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, bayan 'yan shekaru ka tona ka tarar sandar ta rube ko igiyarta ta tsinke.

Mai gadi na uku shi ne wanda aka yi don ran mutum. Wata 'yar na'ura ce mai kama da bireka, amma ta fi shi faɗi, tana da ɗan maɓalli mai harafin T, a jikinta kuma an rubuta RCD ko RCCB. Ni na kan kira ta mai ƙirga. Aikinta ta ƙirga wutar da ta fita ta waya mai wuta, ta ƙirga wadda ta komo ta wayar komawa. In sun yi daidai ta yi shiru. In wadda ta komo ta gaza, ta san saura ya zurare ta wata hanya, ko ta wayar ƙasa ko ta jikin wani, nan take sai ta yanke. Ta gida wadda aka rubuta wa 30 mA ce, watau miliamfiya 30. Ƙa'ida ta ce in yoyon ya kai 30 ta yanke kafin kashi uku cikin goma na daƙiƙa, in ya kai 150 kuwa kafin kashi huɗu cikin ɗari. Ku koma ga misalinmu: yoyon nan da bai kai amfiya 5 ba, wanda fis ya raina, ya ninka abin da mai ƙirga ke jira fiye da sau 150. Tun ran da wayar ta tsage za ta yanke, kafin yarinyar ta shiga wanka.

Akwai masu lamba 100 da 300 a kasuwa, waɗannan don gobara aka yi su, ba su isa su tsare rai ba. Mai ƙirga kuma ba ta san nauyi ba, ko ka jibga wa layi kaya ba ruwanta, don haka ba ta maye gurbin bireka. Kuma in mutum ya kama waya mai wuta da hannu ɗaya, wayar komawa da ɗaya, ƙirgarta daidai za ta fito. Ana danna maɓallin T ɗin nan duk wata shida a ga ko ta faɗi. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai gida ya ce tana damunsa da faɗuwa da damina, ya sa a cire ta. Ruwa ba ya tsami banza. Faɗuwar nan faɗa maka ta ke yi ruwa ya shiga wani soket na waje, ko hitar nan da a ke tsomawa cikin bokiti ta fashe. Hitar bokiti kuwa, ko da mai ƙirga ko babu, ba a sa hannu a ji ɗumin ruwa sai an zare filogi.

Wani kuskure da ƙwai ba ya tonawa shi ne makunni a kan wayar da ba ita ba. Tilas makunni ya yanke waya mai wuta. In aka sa shi a kan wayar komawa, ƙwai zai mutu ya kama yadda a ke so, amma mazauninsa yana da wuta ko an kashe, yana jiran mai canja ƙwai. Launi shi ke raba su. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ta komawa. Ingila ta sake a 2004, mai wuta ta zama ruwan ƙasa, ta komawa shuɗiya. Duka biyu suna cikin gidajenmu. Masu kanti da injin niƙa da ke jan layi uku su yi hattara ƙwarai, domin shuɗiya a tsohon tsari mai wuta ce, baƙa kuma a sabon tsari mai wuta ce. Launi jagora ne kawai, a gwada da abin gwaji kafin a taɓa.

Kantuna suna da wata matsala tasu, janareta. Hanyar da ta dace ita ce makunnin canji, wanda ke raba gida da layin kamfani gaba ɗaya kafin ya haɗa shi da inji. Wanda ya yi wa waya filogi gaba da baya ya cusa wutar inji ta soket, haƙoran filogin da ke hannunsa wuta ce tsirara. Ban da wannan, in ya manta bai yanke layin kamfani ba, wutarsa za ta fita titi, ta shiga taransifoma ta baya, ta fito bolt 11,000 a kan wayar da ma'aikaci ya hau gyara yana zaton matacciya ce. Hayaƙin inji kuma yana da guba marar wari, a waje a ke ajiye shi nesa da taga, ba a baranda ko bayan kanta ba.

Sai kuma rumfar da a ke kafawa ƙarƙashin manyan wayoyi. Ran 20 ga Afrilu 2017 a Kalaba babbar waya ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo, mutane na kallon wasan Manchester United da Anderlecht. 'Yan sanda sun ce mutum 7 suka mutu. Ba fis ko mai ƙirga da zai yi maganin wannan, sai tazara. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce a bar mita 5.5 ko wane gefe ga layi mai bolt 11,000 ko 33,000, mita 15 ga mai 132,000, mita 25 ga mai 330,000.

Duk waɗannan ba ra'ayin malamin kimiyya ba ne kawai, doka ce. A 2015 hukumar NERC ta fito da ƙa'idodin jan wuta da wayarin na Nijeriya, a shekarar kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda ke duba aikin wuta, ta kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. In aka kawo muku takardar sa hannu, ku fara tambayar wannan shaida. Sa'an nan ku ce a auna a gabanku, a rubuta adadin: ko wayar ƙasa ta kai ko wane soket ba yankewa, ko rufin wayoyi ya kai aƙalla om miliyan ɗaya in aka gwada shi da bolt 500, ko makunnai suna kan waya mai wuta, om nawa sandar ƙasa ta ba da, da kuma saurin faɗuwar mai ƙirga. Mai wayarin da ba shi da kayan awo sai ɗan sukurdireba mai ƙyalli, bai gama aikin ba tukuna. Ɗan haya da mai gida ya ƙi saurare, akwai ƙaramar mai ƙirga da a ke cusawa a soket, ya saya wa firjinsa da hitarsa.

In kuwa ta faru, kuka tarar wuta ta riƙe wani, kada ku kama shi, za ku zama biyu. A kashe babban makunni ko a zare filogi. In ba hali, a tsaya kan busasshen katako a ture shi da busasshiyar sanda. Wannan ga wutar gida ne kaɗai. Ga babbar wayar titi sanda ba ta tsare kowa, ƙasar da ke kewaye ma tana da wuta, sai a ja da baya nesa a kira kamfani. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar, yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari a ke sa mata. Da an raba mutum da wayar a duba numfashinsa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a dinga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota. Madarar da a kan ce a ɗura masa ba ta cire wuta daga jiki, ga wanda ya suma kuwa sai ta shaƙe shi. Ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, domin ƙunar lantarki ta kan yi ƙanƙanen baki a fata ta yi zurfi a ciki, likita kuma zai so ya auna bugun zuciyarsa.